Jikan Tsohuwarmu

Ina tankaɗe garin masara a tsakar gida, da hantsi, aka yi sallama a ƙofa. Na gane muryar. Wani Alhaji ne mai fataucin shanu, abokin maigidana, wanda yake sauko da dabbobi daga Malanbil zuwa Kwatano. Kullum in ya zo, tun daga soro yake neman ruwa, yana tsokanar yara cewa rijiyoyin Zongo gishiri ne zalla. Ran nan bai nemi ruwa ba.

Maigida ya fita suka zauna a soro. Tsakanina da su labulen buhu ne kawai. Na ji Alhaji ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali, ya sake komawa kan gajiya. Can ya ce, "Yaron nan, jikinsa ya yi tsanani."

Maigida ya ce, "Alhaji, faɗa mini kawai."

"An riga an yi masa sutura. Sai haƙuri."

Ya ce sun kai shanu shan ruwa bakin kogi, wani maraƙi ya zame ya faɗa inda ruwa ke da ƙarfi, yaron ya bi shi. Ba wanda ya ga shigarsa. Sun waiwaya ne kawai suka ga ba ya nan inda aka ce ya tsaya.

Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare. Yaron ɗana ne na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. Kakarsa ce ta yi riƙonsa. Shi kansa Yaya yake ce mini tun da ya fara magana, ita kuma uwar mijina ita ce Inna, a bakinsa da bakina. Da mata suka cika gidan gaisuwa, na ji wata dattijuwa tana yabona a bayana, tana cewa, "Yarinyar nan akwai kunya, ko hawaye ba ta yi ba." Ban juya ba.

Bai wuce shekara goma ba a lokacin.

Yaro ne da ba ya zama. Ba mugu ba ne, kuma ba ya ƙarya. In aka aike shi sayen gishiri zai fita da gudu da niyyarsa mai kyau, sai jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha, shi ke nan, sai azahar a gan shi ba gishiri, yana ba da labarin bijimin da ya ƙi sauka daga tarago. In yana cin tuwo, loma ɗaya a zaune, ta biyu a tsaye, ta uku a bakin rijiya. Ƙafafunsa ko yana kwance suna motsi. Gwiwoyinsa ba su taɓa rabuwa da miki ba, wani na warkewa wani na buɗewa.

Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har malamin lakwal, makarantar boko. Da safe yara suna yin layi suna ɗaga hannu suna amsa kirarin gwamnati, kuma a nan ba wanda ya kai shi murya. Amma da an shiga aji an ce a zauna a kwafi abin da ke kan allo, sai ya rubuta layi ɗaya ya leƙa taga, ya ari alƙalamin na kusa da shi, ya shiga ƙarƙashin tebur neman abin da bai ɓata ba. Mushe, malamin ajinsu, ya yi duka ya gaji. Malamin allo ma ya yi ya gaji. Ubansa ya yi nasa a gida, kuma na san ba don ƙiyayya ba ne. Mutum ne mai zaman kasuwa, wanda ake girmamawa don natsuwarsa, kullum kuma sai an kawo masa ƙarar ɗansa har rumfa.

Wata rana yaron ya kwance ragon maƙwabci don ya ga ko zai bi shi, ragon ya shiga titi mota ta kusa take shi. Da yamma maigida ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Inna, na ba shi zuwa Babbar Sallah ta baɗi. In bai natsu ba, zai bi masu raguna in za su koma, ya je arewa wurin yayana ya yi kiwo. Can akwai fili."

Inna ta ce, "Mijin nawa za ka kora? To wa zai riƙa sace mini goro?"

"Ba wasa nake yi ba, Inna."

"Ni ma ba wasa nake ba. Je ka ci abincinka."

Ina durƙushe a murhu, duk na ji. Ban san arewa ba sai a labari, a Zongo aka haife ni. Abin da na sani shi ne yaran da ake kaiwa kiwo ba sa dawowa lakwal, kuma wanda ya dawo gida yakan dawo ne da gemu.

Washegari Inna ta kira ni ɗakinta. Ƙafafunta sun riga sun kumbura a lokacin, ba ta iya zuwa ko bakin titi. Ta ce, "'Yar nan, rubutu an sha, hayaƙi an yi. Ni ina ganin abin nan a ciki yake, wani abu ne jikinsa yake nema bai samu ba. Garin nan kowace ƙabila akwai, kowa da abin da yake ba 'ya'yansa. Ki je ki tambaya. Ki ce ni na aike ki, jikana ne."

Ta san abin da take yi. Ta ba ni hanyar da zan nemi magani ba tare da na ce ɗana ba.

Haka na fara yawo, in na gama aikin safe. Na fara da na kusa. Wata Bazabarmiya mai sayar da dafaffen zogale a bakin masallaci ta ce jininsa ne ya yi zafi, a ba shi zogale kullum da ƙuli, a daka busasshen a zuba masa a kunu. Wata Bafulatana da ke kawo nono daga wajen gari ta ce laifin sukari ne da burodin Kwatano, a hana shi, a ba shi kindirmo da man shanu da safe. Ta ce, "Namu yaran suna wuni a bayan saniya ba su gaji da tsayuwa ba." Ban gaya wa Inna wannan ƙarshen maganar ba, don kada ta kai kunnen maigida.

A unguwar Tokpa-Hoho na samu wata Bayarabiya mai saiwoyi da ɓawon itace. Ita ta ce tsutsar ciki ce take hana shi zama, ta haɗa mini jiƙo mai ɗaci wanda ko warinsa yana sa ido ruwa. Kowa na tambaya, sai ya ba ciwon wani suna dabam, kuma kowa ya tabbata nasa ne daidai.

Wadda ta fi zama a raina wata mata ce 'yar ƙabilar Fon, mai kawo kifi daga unguwar Avotrou, da na saba saye a wurinta. Hausarta ta kasuwa ce, gajeriya, ba ta kewaye. Na ce mata jikan tsohuwarmu ne ba ya zama.

Ta ce, "Jikan tsohuwa. Ɗan wa?"

"Ɗan maigidana."

"Matansa nawa?"

"Ni kaɗai."

Ta ajiye wuƙar da take fere kifi ta dube ni. "To ɗanki ne ke nan, Hajiya. Ko a kasuwa kuka saye shi?"

Matan da ke gefenta suka yi dariya. Na ce a wurinmu ba a faɗa. Ta girgiza kai ta ce ku mutanen Zongo, naku sai ku. Amma ta ɗebo ƙananan kifi, irin masu tsawon yatsa, ta ce in busar da su in daka gaba ɗaya, da kai da ƙaya, in riƙa zuba masa a miya. Ta ce yaran bakin ruwa da shi suke girma, kansu yana zama daidai. Duk lokacin da na koma sai ta ce, "Yaya ɗan da ba naki ba?"

Daga ƙarshe na kai shi asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinyar, wata doguwar mata mai tabarau, ta ji yana ce mini Yaya, sai ta ɗauka ni yayarsa ce, ni kuma ban gyara ba. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta duba tafin hannunsa, ta ce jininsa ya yi ƙasa. Ta rubuta mana siro na ƙarin jini mai ruwa-ruwa da man kifi na kwalba, ta ce a farmasin gwamnati ake samu. Ta ce ba ta yi alkawarin zai zauna ba, amma jinin dai a gyara shi.

Na kawo duka gaban Inna na ce da wanne za mu fara. Ta ce da duka. Ta ce mutum ba ya ba ka magani da hannunsa ka ajiye, gobe in ya tambaye ka me za ka ce masa? Ni a raina na fi son a bi ɗaya bayan ɗaya, amma ba a ja da uwar miji, kuma Sallah ba ta jiranmu.

Safiya ta zama aiki. Inna tana zaune a kan tabarma da cokali, shi yana zagaya turmi.

"Zo nan, mijin banza. Ango da gudun cokali?"

"Inna, wannan warin kwale-kwale yake."

"Sha. In ka ƙi, na sake ka na auri mai gyaran keke."

"Ki aure shi mana, shi ma ba shi da haƙori."

Sai ya zo ya toshe hanci ya haɗiye, ya ruga. Ni ina daga gefe ina dama kunu, kamar ba ruwana. Garin zogalen da na kifin ni nake zubawa, in ba kowa a madafa.

Da damina ta sauka, ruwa ya cika lungunan Zongo kamar kullum, sai muka ga wani abu. Ba babban abu ba ne. Wata rana ya cinye tuwonsa a zaune, har ya suɗe kwano. Wata rana aka aike shi sayen kalanzir ya dawo da kalanzir. Ya kawo littafinsa ya nuna wa Inna shafi guda cike da rubutu daga sama har ƙasa. Inna ba ta karatun boko, ta riƙe shi a juye tana yabawa, sannan ta miƙo mini ta ce, "Ke da kika yi lakwal, duba mana ko mijina ya yi ƙarya." Na duba. Rubutun ya karkace, amma ba abin da ya tsallake. Na ce, "Ba laifi." Iyakar abin da zan iya cewa ke nan. Ya tsaya yana kallon bakina ko akwai saura.

Ƙarar da ake kai wa ubansa ta ragu. Har ya sayo masa takalmin roba.

Labari ya bazu, kowacce ta ɗauki yabon. Bazabarmiya ta ce ai ta faɗa. Bayarabiya ta ce tsutsar ce ta mutu. Mai kifi ta ƙara mini kifi a kan na saye. Inna ta sa na bi su ɗaya ɗaya na yi godiya, kowacce na ce mata nata ne ya yi aiki, don haka ake yi. Akwai kuma wani abin da ban lissafa ba sai daga baya. A wannan shekarar an canza musu mushe. Lokacin kowace lakwal tana da gonarta, yara suna noma, sabon mushen kuwa ya ɗora masa ban ruwan lambu da ɗauko alli da share allo. Kafin a zauna darasi ya riga ya yi sawu da yawa zuwa rijiya da bokiti. Ko wannan ne, ko kifin, ko jinin da ya ƙaru, ko duka, ban sani ba.

Abubuwan kuma tare suka tafi, kamar yadda suka zo tare. Ƙasa ta shiga matsi. Na je farmasi aka ce siro ya ƙare, man kifi ma babu, a dawo wani wata. Na koma, kantocin ba komai sai ƙura. Malamai suka daina zuwa aji saboda ba a biyansu, aka rufe lakwal, lambun ya bushe. Bafulatanar ta daina shigowa gari. A cikin wannan halin Inna ta kwanta, ba ta tashi ba. Ranar da aka fita da ita, yaron ya hau katangar gida ya zauna, aka yi ta kiransa ya ƙi saukowa. Ba a taɓa ganin ya daɗe a wuri ɗaya haka ba.

Bayan arba'in ya koma yadda yake, har ya fi. Ba lakwal, ba Inna. Yana fita tun safe, a gan shi a tasha, a gan shi a bakin gada, wani ya ce ya gan shi har Vêdoko a bayan amalanke.

Sai na fara abin da na so yi tun farko. Na ce zan bi magungunan ɗaya bayan ɗaya, in ba kowanne lokacinsa, in ga wanda yake riƙe shi. Na fara da garin kifi shi kaɗai. Na ga kamar yana ɗan daɗewa a kan abinci, amma ban tabbata ba, mai yiwuwa idona ne yake so ya gani. Na koma zogale shi kaɗai. Ana cikin haka ya yi zazzaɓi, lissafin ya rikice, na sake daga farko. Ba wanda ya san ina yi. A miya nake zubawa, a kwanonsa kawai.

Na sake kai shi wurin ma'aikaciyar jinyar ko tana da sauran man kifi a ɓoye. Ba ta da shi. Amma ta ce akwai wata likitar yara da ta tafi karatu waje, ana sa ran dawowarta bayan damina, kuma ita ta san irin waɗannan yaran. Ta ce, "Sai dai ki zo da uwarsa. Za ta yi tambaya a kan cikinsa da haihuwarsa da yayensa, ke ba za ki sani ba."

Yana can gefe yana hawa ma'auni yana sauka. Na ce, "Ni ce."

"Ke ce wa?"

"Uwarsa."

Ta cire tabarau. "To me ya sa tun bara ba ki faɗa ba?"

"Ba a faɗa a wurinmu."

Ƙarar ma'aunin ta tsaya. Yaron ya san ni na haife shi, ba wanda ya ɓoye masa, amma bai taɓa ji daga bakina ba. Ya dube ni, ni kuma na dubi bango. A hanyar gida bai ruga gaba ba. Ya yi tafiya a gefena har kusa da masallaci, sannan ya ga wasu yara da gare ya bi su.

Sallah ta zo kafin damina ta ƙare. Raguna suka cika Zongo, aka sayar, aka yanka, fatake suka fara shirin komawa. Da Inna tana raye, kalma ɗaya za ta faɗa a ɗaga maganar zuwa wata shekara. Na duba duk gidan ban ga wanda zan aika ba. Ƙannen maigida mata suna arewa. Maƙwabta kuwa sun gaji da yaron, ba wanda zai roƙa a bar shi.

Da na kai wa maigida abincin rana, na ajiye, ban tashi ba. Na ce, "Malam, da an bar yaron nan zuwa bayan damina. An ce akwai likita."

Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, da mamaki. Tun da muka yi aure bai taɓa jin na yi maganar yaron ba. Ya ce, "Ke ma?" Ya daɗe yana juya cokali. Sannan ya ce, "Na riga na aika wa yaya, ya shirya. In na fasa yanzu me zan ce? Ba lakwal, ba mai riƙonsa, kullum yana bakin titi. So kike mota ta kashe shi a nan? Can aƙalla ba mota. In an buɗe lakwal sai a duba."

Ba ƙarya ya faɗa ba. Ni ma ina tsoron titin. Ban san yadda ake maimaita irin wannan roƙon ba, ban taɓa ganin wata ta yi ba. Na ɗauki kwanon wanke hannu na fita.

Na daka kifi da zogale na cika gwangwanin madara biyu, na ba Alhajin da zai tafi da shi, na ce sauran na Inna ne, a ba matar yaya ta riƙa zuba masa a miya. Ban raka su tasha ba, uwa ba ta rakiyar ɗan fari. A ƙofar gida ya ce, "Yaya, in na dawo zan kawo miki maraƙi." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Kafin in rufe baki ya kai kwana, Alhaji yana kiransa ya dawo ya ɗauki ƙunshin kayansa.

Bai cika shekara a can ba. An buɗe lakwal yana can, maigida ya ce bari a gama kaka. Ban taɓa sanin ko an buɗe gwangwanayen ba, ban kuma tambaya ba.

Likitar ta dawo. Ma'aikaciyar jinyar ta aiko a gaya mini, lokacin yana arewa, na ce a ce mata na gode. Mai kifi ta tambaye ni sau ɗaya bayan rasuwar, na gaya mata. Ta zauna a kan kwandonta ta yi kuka a tsakiyar kasuwa, ni ina tsaye ina riƙe da kifin da na saya.

Yanzu na tsufa. Autata, wadda ta yi karatu mai zurfi, ta ce mini abin yana da suna a wurin likitoci, yara da yawa suna da shi a kowace ƙabila, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Ta ce har yau ana bincike a kan ko abinci da irin su man kifi da maganin ƙarin jini suna taimakawa, wasu sun ce kaɗan, wasu sun ce ba tabbas. Ta tambaye ni me na gani a nawa. Na ce kifi na gwada shi kaɗai, zogale na fara ban kai ƙarshe ba. Nono da man kifin kwalba da siro ban kai kansu ba, kuma likitar ba ta gan shi ba.